Dutsen da Ba a Faɗar Wurinsa a Tudu

Chitemba, bakin tafkin Malawi
9 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga 'yata Tiyezge,

Gaisuwa da sunan Ubangiji. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da sanyin Kanada da kike ta ba mu labarinsa kamar mu muka aike ki. Ni dai ina nan. Gwiwa tana kama ni da safe, ta sake ni da rana. Rogo ya yi kyau bana, sai dai birai. Baƙar akuyar nan ta haifi biyu, ɗaya ya mutu. Daga wanki Lameki babu labari. Shekara goma sha ɗaya ke nan da birnin Joni na Afirka ta Kudu ya haɗiye shi, kada ki ƙara tambayata.

Malam Esawu Longwe ne ke rubuta mini kamar kullum, shi ne kuma ya karanta mini taki. Sau biyu na sa ya karanta, don na ɗauka kunnena ne. Wata bakwai ba ki rubuto ba. Da kika tashi rubutowa, layi uku na ubanki ne, shafi biyu na kifi.

Kin ce kin ga wani kifi, irin da muke kira utaka, a cikin kwalba a makarantarku, an jiƙa shi a magani tun kafin a haife ki, takardar jikinsa ta ce mai rawaya ne a goshi. Kin ce kin gane shi, irin wanda nake kawowa gida ne kina ƙarama. Kin ce an rubuta wai kudu da Nkhata Bay aka kama shi, masana sun yi shekara talatin suna nitso a can ba su ga ko ɗaya ba. To, ki ce musu su huta. Ni na sayar wa Baturen nan kifin, a nan bakin yashi, shekarar da aka sami 'yancin kai. Wani dogo ne mai jajayen gwiwoyi. Ya ce, "A ina ka kama?" Na ɗaga hannu na nuna masa kudu. Ya sunkuya ya rubuta! Wane masunci ne za a tambaye shi inda ya kama kifi ya nuna gaskiya? Tsohuwar da ba ta taɓa shiga kwalekwale ba a garin nan ta san wannan. Mutum da akwati cike da littattafai bai sani ba.

Yanzu ke kuma kina so in faɗi inda dutsen yake a rubuta miki. Tiyezge, a garin nan aka yanke miki cibiya ko a Kanada? Dutse ne a ƙarƙashin ruwa, nesa da gaɓa, ido ba ya ganinsa. Da alamun tudu ake samunsa. Kana cikin kwalekwale ka daidaita wani abu da wani abu, ka juya ka daidaita wasu biyu, inda suka haɗu nan ne. Ubana bai taɓa faɗa mini su a tudu ba. A kan ruwa ya kama haɓata ya juya mini fuska ya ce, "Duba." Haka shi ma nasa uban ya yi masa. Ba a faɗarsu a gindin mangwaro, balle a bakin alƙalamin mutumin da surukinsa Filimoni yake da jiragen inji uku. Malam ya ajiye alƙalami ya ce na ci mutuncinsa. Na ce ya ɗauka ya rubuta wannan ma.

In kina son dutsen, ki zo ki tambaye ni da bakinki. Ki zo bayan ɗaukewar ruwa, a watan Mayu, kafin iskar mwera ta taso daga kudu. Sannan in ga ko zan nuna wa mace. Hanyar da ba ki samu ba ranar da muka binne uwarki, wataƙila kifi ya samo miki ita.

Ubanki,
Yotamu Mhone


Kanada
20 ga Nuwamba, 1994

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Ina lafiya. Ka riƙa shafa man da na aiko a gwiwar, ba ajiya na aiko maka ba. A gaida Malam Esawu, na gode masa da wahala.

Labarin Baturen nan ya sa na yi dariya har da hawaye. Malamina bai yi ba, don shi ma yana saurayi ya yi wata biyu yana nitso a kudun.

Baba, bari in gaya maka abin da nake nema, kada ka ɗauka wasa ne. Kifayen tafkinmu ɗaruruwan iri ne, amma alamu sun nuna kakansu ɗaya. Wanda ya saba da dutse ba ya yarda ya ratsa ruwa mai zurfi zuwa wani dutsen. Sai kowane dutse ya zama kamar ƙauyen da ya daina auratayya da maƙwabta. A hankali launi ya bambanta, baki ya bambanta, har su daina gane juna. Dutsenka yana can shi kaɗai a tsakiyar ruwa, kifinsa babu shi ko'ina. In na gan shi da rai, na yanki ɗan guntun wutsiya na auna, zan iya nuna yadda abin yake faruwa. Aikina na shekara huɗu a kansa ya rataya.

Mayu ba zai yiwu ba. Jami'a ta tsara zuwanmu a Satumba, mu shida, kwana goma kacal a yankinmu. Ba ni nake tsarawa ba. In mun san wurin tun yanzu, ba za mu ɓata kwanakin wajen nema ba. In ba ka so Malam ya rubuta, ka faɗa wa Fasto.

Maganar Mama kuwa, takardar ta iso mini kwana ashirin bayan an binne ta. Na faɗa maka sau uku. A nan ƙarfe huɗu rana take faɗuwa, ina cin abinci ni kaɗai a tsaye. Ba daɗi nake ji ba kamar yadda kake zato.

'Yarka,
Tiyezge


Chitemba
2 ga Janairu, 1995

Tiyezge,

Gaisuwa. Mun ga sabuwar shekara. Kirsimeti na ci tuwon rogona ni kaɗai, matar Malam ta aiko da kaza rabi, ƙashi ya fi yawa. Malam ya ce in cire wannan. Ban cire ba. Ruwa yana sauka sosai, ɗakin uwarki yana yoyo, na bar shi.

Satumba! Wa ya zaɓa muku Satumba? A Satumba mutanen tudu suke ƙone daji, hayaƙi ya kwanta a kan tafki wata biyu. Daga cikin ruwa ko tsaunin bayan gari ba ka gani, balle abin da za ka daidaita da shi. Mutum shida masu digiri, babu wanda ya tambayi masunci ɗaya. Ku zo da jirginku ku yi ta zagaye cikin hayaƙi, mu kuma mu zauna a yashi mu sha kallo.

Kin ce kun gano kowane dutse da nasa kifin. Har Kanada kuka je kafin ku gano? Ki tambayi kowace mace mai shanya kifi a bakin ruwa, daga ganin kwando za ta faɗa miki dutsen da aka je. Maganar kaka ɗaya kuwa, ban sani ba, ban kasance a wurin ba. Ke ma ba ki kasance ba.

Fasto kuma da kike cewa, duk Asabar Filimoni yake aika masa kifi. Kin san abin da jiragen Filimoni suke yi? Tarunsu ido ƙanana ne kamar gidan sauro. Suna kwashe uwa da 'ya'yanta a baki. Duwatsu uku da ubana ya ci da mu a kansu, yanzu in ka jefa taru sai ka jawo ruwa. Wannan ɗaya ne ya rage, don ba su san shi ba. Ni ban taɓa zuwa masa fiye da sau huɗu a shekara ba, ko lokacin da muke kwana da yunwa. Ki tambayi cikinki, ya san shekarun.

Na ja kwalekwalen tudu na kife shi. Tun Agusta ban fita ruwa ba. In ba ki zo wannan Mayun ba, kada ki wahalar da kanki da na baɗi.

Ubanki,
Yotamu Mhone


Nkhata Bay
11 ga Janairu, 1995

Tiyezge, 'yata,

Kada baƙon rubutu ya tsorata ki. Ni ne. Na hau jirgin ruwa na zo nan, na ce wa mutanen gari haƙori zan cire. Mai rubuta wannan wani ne da yake zama da ɗan teburinsa kusa da gidan waya. Mutumin tudu ne, bai san ni ba, bai san kifi ba sai a cikin miya. Shi ya sa na zaɓe shi. Na zo masa da wata tsohuwar ambulan ɗinki da na samu a akwatin uwarki, daga ita zai kwafi adireshi.

Idona ne.

Tun bara ya fara rufewa ta gefe, kamar ana jawo labule daga hagu da dama. Abin da yake kusa ina gani, fuskar mutum, kwanon tuwo. Amma tudu daga cikin ruwa ya zama abu guda baƙi. Watan Agusta na fita ni kaɗai, kafin hayaƙi. Na yi tuƙi har inda kafaɗata ta ce mini mun iso, na ɗaga kai in ɗauki alama, babu. Na zauna har rana ta take tsaka ina murza ido. Na dawo ban jiƙa taru ba. Wata mata a bakin yashi ta ce, "Baba Mhone, yau tafkin ya hana ka?" Na ce gaishe shi kawai na je yi.

Yau na ga likita. Ya haska, ya ce ba yanar ido ba ce da ake cirewa, jijiya ce take mutuwa, abin da ya tafi ya tafi. Ya ba ni ruwan ɗigawa. Na ce, "Saura yaushe?" Ya ce, "Baba, in kana da abin da kake son gani, ka gan shi bana."

Ban iya faɗar wannan a gaban Malam Esawu ba. Ba mugu ba ne, amma abin da ya ji da hantsi matarsa ta ji shi da azahar, kafin la'asar ya isa bakin ruwa. Sai gari ya fara yi mini magana da ƙarfi kamar kunnen ne ya mutu.

Lameki ya kamata in nuna wa. Ba a nuna wa mace, haka na tarar. Amma na duba hagu na duba dama, ba ni da kowa sai ke. Ke ce ma tun kina ƙarama kike tsugunawa kina buɗe bakin kifi kina ƙirga 'ya'yan da ke ciki, uwarki tana faɗa wai kina wasa da abinci. Ki zo ki zama idona. Ni in faɗa, ke ki duba. Bana ina iya kai mu kusa da wurin. Baɗi ko bakin ruwan ban san zan gane ba. Ke kaɗai, ba mutum shida ba.

Maganar binne uwarki, na san takardar ce ta makara. Tun farko na sani. Rasa wanda zan yi wa fushi na yi.

In za ki amsa, kada ki ambaci ido, Malam ne zai karanta. Ki faɗi ranar zuwanki kawai.

Ubanki


Kanada
12 ga Fabrairu, 1995

Baba,

Ina gaisuwa. Na samu takardarka, na karanta, na kuma gane.

Ka kife kwalekwale, ba ka fita ruwa, in ban zo bana ba shi ke nan. Baba, wannan ba sabon abu ba ne. Haka ka yi wa Yaya Lameki. Shekara bayan shekara kana ja masa rai da dutsen nan, "sai ka yi hankali, sai ka yi hankali," har ya kai talatin yana jira, ya gaji ya tafi. Kai ka san dalilin da ba ya rubutowa. Haka ka yi wa Mama da shirun sati-sati. Ba dutsen kake karewa ba. So kake a bar komai a zo a durƙusa a gabanka. Duk dabarar da za ka kawo don in ji tausayinka, na riga na san ta, da ita na girma.

Ka riƙe dutsenka. Zan nemi wani kifin in sake aikin daga farko, ko da zai ci mini shekara biyu. In mun zo a Satumba zan shigo in gaishe ka.

Tiyezge


Chitemba
15 ga Maris, 1995

Tiyezge,

Ina lafiya, tunda dole a fara da wannan.

Takardarki ta zo da jirgin Lahadi. Ina gindin mangwaro inda maza suke ɗinkin taru, Malam ya taho da ita yana ɗagawa sama. Na ce ya buɗe a nan, don ranar zuwanki nake jira a cikinta, na so kowa ya ji. Ya fara da murya sama. Can sai muryar ta fara sauka. Ya tsaya ya ce, "Mhone, mu ƙarasa a gida." Na ce, "Karanta!" Ya karanta har ƙarshe. Mutum tara ne a wurin, har da Filimoni. Duk suka duƙufa a kan taru kamar yau suka fara ganin zare. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini.

Kin yi karatu har kin manta ubanki ba ya karatu. Duk abin da kika rubuta, ta bakin wani yake bi kafin ya iso kunnena.

Abin da na faɗa miki na faɗa. Ban taɓa faɗa wa mai rai irinsa ba, har jirgi na hau don in faɗa. Ke kika kira shi dabara. Malam yana tambaya wane abu ne. Na ce alƙalami aka ba shi, ba tambaya ba.

Maganar Lameki, na yi kwana uku ina juya ta. Wataƙila haka ne. Ina ganin in na nuna masa, ba abin da zai ƙara riƙe shi a gidan. Sai ya tafi duk da haka.

Ba sai kin shigo a Satumba ba. Kwana goma kaɗan ne, kada ki ɓata ɗaya. Dutsen zai tafi tare da ni. Kifayen ma sun huta.

Yotamu Mhone


Kanada
21 ga Afrilu, 1995

Baba,

Jiya wata mata daga tsohon gidan da na zauna shekara uku da suka wuce ta kawo mini ambulan mai baƙon rubutu. Wata uku tana kwance a kan tagarsu. Lokacin da na rubuta maka waccan takardar ban gan ta ba. Allah shaida ne, ban gan ta ba. Malam Esawu, don Allah ka karanta masa wannan wurin sau biyu.

Zan sauka daga jirgin Lahadi, 14 ga Mayu. Ni kaɗai. Malamina ya ce in na tafi yanzu babu ni a tafiyar Satumba. Na ce to.

A juyo kwalekwalen a jiƙa shi. Wataƙila ma in riga takardar nan isowa.

'Yarka,
Tiyezge


Kanada
8 ga Yuli, 1995

Baba,

Na iso lafiya, tafin hannuna har yanzu yana saɓa. Yaya idon? Ina iya tambaya yanzu, tunda duk Chitemba sun gan ni ina riƙe da hannunka zuwa bakin ruwa. Sau biyu a rana ake ɗiga maganin, ba ranar da ka ga dama ba.

Akwai abin da ban iya faɗa maka ba ranar tafiyata. Ranar farko, da muka daidaita alamu biyun farko muka kama layinsu, ka ce in juya in nemi dogon maɗacin kan tudu. Na duba babu shi, sai fili. Ina iya rubuta sunansa tunda ya zama katako. Baba, saura kaɗan in ce maka na gan shi. Fuskarka ce na kalla, kana murmushi kana jira. Da na ce an sare shi, sai ka ce, "To miƙo igiyar."

Kwana huɗun nan ba zan manta da su ba. Ni ina riƙe da layi ɗaya da ido ina tuƙi, kai kana jan dutse a igiya kana saurare da yatsa, kana cewa "laka", "laka", "yashi", kana zagin tuƙina. Da ka ce "Tsaya!" ban ji komai ba. Kai ka ji.

Na gaya maka abin da na gani a ƙasa da na yi nitso, amma ina haki, ban faɗa da kyau ba. Shekara sittin kana zuwa kansa ba ka taɓa ganinsa ba, bari in sake. Kan dutsen gaba shida ne daga sama, faɗinsa ya kai filin coci, gefensa ya gangara cikin duhu. Mazan kifin suna tsaye a cikin ruwa, kowa da wurinsa, baƙi-baƙi masu sheƙin shuɗi, rawayar goshin kamar an shafa da yatsa yanzun nan. Matan suna wucewa a garke. Na ga wata ta tofar da 'ya'yanta suna kiwo a gabanta. Da inuwata ta faɗa kansu, duk suka ruga suka koma bakinta. Ɗaya ya makara, ta jira shi.

Guntayen wutsiya goma sha biyun sun iso lafiya. Malamina ya riƙe kwalbar ya daɗe yana dubawa. Amma ya ce ba za a karɓi aikin yadda nake so ba sai na rubuta ainihin wurin da aka kama su, don wani ya iya zuwa ya tabbatar. Haka ƙa'idar take, kuma ba ƙa'idar banza ba ce. Sabuwar alamar da na ɗauka a madadin maɗacin tana kaina, ban rubuta ta ko'ina ba. Me zan yi?

'Yarka,
Tiyezge


Chitemba
20 ga Agusta, 1995

Zuwa ga 'yata Tiyezge,

Gaisuwa da sunan Ubangiji. Ina lafiya. Na hagu ya rufe. Na dama yana ganin ƙofa in rana ta fito. Matar Malam ce take ɗiga mini maganin, hannunta nauyi kamar mai kirɓa rogo. Mwera ta yi ƙarfi bana, ta ɗauke rufin ɗakin uwarki gaba ɗaya. Gari sun fara yi mini ihu a kunne.

Tuƙinki ba zagi na yi ba, gaskiya na faɗa. Kina riƙe filafili kamar muciya. Amma kwana huɗu ba ki ce kin gaji ba, wannan na ba ki. Da kin ce kin ga maɗacin nan, da na gane. Muryarki tana hawa sama in za ki yi ƙarya, tun kina yaye.

Na sa Malam ya karanta mini wurin kifin sau uku. A na ukun shi ma ya cire tabarau ya ce, "Ashe haka suke?" Na ce, "Ka ci su shekara arba'in ba ka tambaya ba." Uwar nan da ta jira ɗanta, ban san suna yi ba.

Kin tambaye ni abin da za ki yi da malaminki. Ba ni za ki tambaya ba. Da kika ɗauki sabuwar alamar kin faɗa mini ita a cikin kwalekwale, na ce to. Amma faɗa daban, gani daban. Abin da kika ambata ban san shi ba, an yi shi ne bayan idona ya tafi. Na kwana ina ƙoƙarin ɗora shi a kan tudun da ke cikin kaina, ya ƙi zama. Saboda haka dutsen naki ne. Ki rubuta ko ki ƙi, ba zan yi fushi ba, ko kuma in yi na kwana biyu. Sai dai ki sani Filimoni yana da ƙane a ofishin gwamnati mai karanta Turanci.

Shi Filimonin ya zo jiya da hantsi. Ya zauna a kan kwalekwalen ba a ce ya zauna ba. Ya ce, "Baba Mhone, mun ga kun dawo da masu rawayar goshi, kai da 'yar Kanada. Yanzu kai ka gama, ita kuma ta tafi. Ka bar girman kan nan ka faɗa mini alamun. Duk kwandon farko naka ne har ranar da za a kai ka."

Na ce, "Ban san inda yake ba."

Ya ce, "Haba Baba!"

Na ce, "Filimoni, ban san inda yake ba."

Ya buga cinya ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Tsohon nan! Har kabari za ka kai ƙaryar?" Ya tafi yana faɗa wa mutane a hanya, ina jin dariyarsu har bakin yashi. Malam ma yanzu ya ɗago yana kallona, wai in faɗa masa tsakaninmu ko da gaske ne.

Shekara sittin ina yi wa mutane ƙarya a kan dutsen nan suna yarda. Jiya na faɗi gaskiya, ba wanda ya yarda. Da ya tafi na zauna ina fuskantar ruwa, ina jin ƙararsa, sai na ga ban san ta wane gefe zan juya ba in ina so in fuskanci wurin. Na gwada nan, na gwada can, na haƙura na shiga ɗaki.

Mutum ɗaya ce a duniya ta san inda yake, tana can ƙasar da ruwa yake daskarewa. Ki daina karatu a duhu. Ki riƙa cin abinci a zaune. Ki kula mini da idon nan naki.

Ubanki,
Yotamu Mhone